Kanta Biyu

A ɗakina, a Duluth, kanta biyu ne.
Ta sama ta masu alkyabba ce,
kowace mujalla cikin ledarta, kamar jariri a zani.
Ta ƙasa ta lanƙwashe a tsakiya,
tarihin yaƙi nauyi gare shi.

Ranar Laraba sababbin fitowa ke sauka.
Nakan taso daga tashar jiragen ruwa da ƙurar tama a farce,
in tarar Marlys da Duane sun riga ni shagon,
musu ya yi nisa:
wa zai kayar da wa,
mai ɗaga gada da hannu ɗaya ko mai tsayar da lokaci?
Shekarata arba'in da shida.
Na taɓa ƙaurace wa Duane wata guda cur
don ya ce gwanina matsoraci ne.
Ban ji kunya ba. Har yau ban ji ba.

Da dare kuwa, in bakin tafki ya daskare,
iska na kuka a bututun murhu,
ƙasa hannuna yake sauka.
Can babu mai tashi sama.
Taswira ce, da kibiyoyi ja da shuɗi,
kibiya ɗaya, tsawon ɗan yatsa,
mutum dubu tara ne da ƙafafunsu.
Ga alfadarin da ya ƙi haye kogi.
Ga saƙon da ya makara da awa uku
don mai babur ya ɓata a hazo.
Ga janar mai ciwon haƙori.
Rabin nasara busasshiyar safa ce,
ɗaya rabin, miya ta iso da zafinta.

A sama, in gwarzo ya mutu
mukan yi zaman makoki, mu sayi kwafi bibbiyu,
mun san kafin shekara ta zagayo
zai dawo da sabuwar riga.
A ƙasa akwai shafukan ƙarshe,
ƙananan baƙaƙe, layi bayan layi,
ba wanda ya dawo a fitowa ta gaba.

Kakana Orville ya tuƙa babbar mota a Koriya.
Na bi fihirisar littafi goma sha ɗaya,
ban ga Haugen ko ɗaya ba.
Ya dawo da yatsun ƙafa takwas
da ɗabi'ar cin abinci a tsaye.
Ina yaro na ce: Kaka, nawa ka kashe?
Ya ci gaba da fere dankali.
Can ya ce: mota ta ƙi tashi, sai muka tura.
Iyakar labarin ke nan.

Shi ne kuma ya saya mini mujallar farko,
a kantin magani, da canjin taba.
Ya ɗora ni a cinya yana karantawa,
har ƙarar naushi yana yi da baki.
Da muka kai inda gwarzon ya sauko daga gajimare
ya ciccibi motar da ta maƙale a ƙanƙara
da mutanen cikinta duka,
sai Kaka ya yi tsit.
Ya daɗe bai juya shafin ba.
Na ɗauka barci ya kwashe shi.

Marlys ta ce duk abu ɗaya ne,
son faɗa daga kan kujera mai laushi,
wanda ba a jikinsa ba ya fi kowa iya labari.
Wataƙila da gaskiyarta.
Ban taɓa kwana biyu da yunwa ba.

Asabar akwai taron masoya a Minneapolis.
Na ɗinke alkyabbata, rigar ce ta matse a tumbi.
A jaka zan jefa mai shafi ɗari takwas,
na tsaya a babin janyewa,
inda hanya ɗaya ce tal tsakanin duwatsu,
motoci a jere, injuna sun sandare.
Na san ƙarshen, na karanta sau uku.
Duk da haka in bas ta ɗau hanya, na kai wurin,
sai na goge raɓar taga da gefen alkyabba
na ɗan duba sama.